Karenka da Namun Daji: Yadda Za Ka Fita da Shi Ka Komo da Shi Lafiya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan karo a kan kare ne. Wani zai ce: "Kare kuma? Ina shanu, ina tumaki, ina hatsi?" To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Kare yana gadin gida da rumbu. Yana bin yara wurin kiwo. Yana korar biri daga gona, yana taya maharbi aiki. Amma duk ranar da ya bi mu daji, akwai abin da zai iya kama shi. Kuma in naman daji ya cije shi ya tsira, yana iya komowa gida da cutar da za ta kashe mutum. Don haka maganar kare magana ce ta lafiyar iyalinmu da ta bisashenmu.

A cikin wannan darasi za mu ga abubuwa huɗu: namun dajin da ke kama kare, wurare da lokutan haɗari, yadda za a kiyaye, da abin da za a yi in abin ya auku.

1. DAJI YA RAGU, AMMA HAƊARI BAI ƘARE BA

Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da kura ke zuwa har bakin danga kowane dare. Yau abin ya yi sauƙi a wurare da yawa, domin daji ya ragu. A ƙidayar 1977, mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Mutane sun ninka fiye da sau uku, gonaki kuwa sun ci dajin da a da ba mai shiga.

Wannan ya kawo abu biyu. Na farko, manyan namun daji sun ragu ƙwarai. Na biyu, waɗanda suka rage sun matso kusa da mu, don abincinsu na daji ya yi ƙaranci. Yanzu suna neman ƴan awaki, da kaji, da mushe, da abin da aka zubar a juji. Nan ne kuwa kare ke yawo. Shi ya sa har yanzu suke gamuwa.

2. SU WA KE KAMA KARE?

Kura. Hausawa sun ce: "Kare, ka mutu da haushin kura." Gaskiya ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Karen ƙauye yawanci bai wuce kilo 20 ba. Babbar kura mai dabbare-dabbare tana kai kilo 50 zuwa 70. Haƙoranta suna fasa ƙashin sa. Tana farauta ita kaɗai, tana kuma yi cikin ƙungiya. A ƙasarmu ta fi yawa a kudu maso yamma, wajen gandun dajin W.

Sayaki. Ita ce kura mai ratsi-ratsi, mai geza a gadon baya. Ba ta kai waccan girma ba, amma ta fi kare nauyi da ƙarfi. Tana yawo ita kaɗai da dare, tana kwana cikin rami ko kogon dutse. Mushe ne yawancin abincinta. Duk da haka tana kama ɗan akuya, da kwikwiyo, da karen da ya tsufa ko ya rame.

Dila. Malamin daji ke nan. Nauyinsa kilo 7 zuwa 15 ne, wato bai kai babban kare ba. Amma kada a raina shi. Yawanci su biyu ke tafiya, namiji da tamace. In suna da ƴaƴa a rami, sukan taru su far wa karen da ya matso. Suna kashe kwikwiyo. Babban haɗarin dila kuwa ba girman rauni ba ne, cutar da ke cikin yawunsa ce. Za mu zo kanta nan gaba.

Damisa da zaki. Waɗannan sun yi wuyar gani. Mutanen da ke zaune kusa da gandun W, wajen Tamu da Say, su ne ya kamata su fi lura. Damisa tana son naman kare ƙwarai. Ba ta gargaɗi. Takan laɓe ne, ta dira a wuyansa, ta yi gaba da shi.

Kada da mesa. Kada yana jira a bakin ruwa, a kogin Isa da rassansa da wasu manyan tabkuna. Kare ya sunkuya shan ruwa, sai ya fizge shi. Mesa tana zama a fadama da kurmi. Tana naɗe ƙaramin kare ta matse shi, sa'an nan ta haɗiye.

Masu raunata kare ba don ci ba. Gwaggon biri yana da fiƙa doguwa, yana farke cikin kare. Gyado yana suka da haure. Beguwa tana barin ƙayarta a fuskar kare da ƙirjinsa. Dage ƙarami ne, amma ba ya ja da baya. Duk waɗannan ba su neman kare. Kare ne ke tsokanar su.

Macizai. A gonakinmu na yau, maciji ya fi kura samun kare. Kububuwa tana ɓuya cikin karmami da ƙarƙashin dami. Dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa ba ta gudu, tana kwance ne har a taka ta. Gamsheƙa tana tofa dafi a ido daga nisan kusan mita 2. Kare yakan kai hanci ga duk abin da ya yi motsi, shi ya sa yawancin sara a fuska ko ƙafar gaba yake samunsa.

3. WURARE DA LOKUTAN HAƊARI

Lokaci mafi haɗari shi ne daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Kura da sayaki da dila da damisa duk masu yawon dare ne. Mai komowa daga kasuwar wani gari bayan magariba, da mai sammakon zuwa gona, su lura da karen da ke biye da su.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa haɗari:

Da bazara, ciyawa ta ƙare, bisashe masu rauni suna mutuwa. Warin mushe yana kiran kura da dila daga nesa. Ruwa kuma ya rage a wurare kaɗan, kowa a nan yake sha.

Da farkon damina, macizai suna fitowa. In hatsi ya yi tsawo kuwa, ba ka ganin abin da ke gabanka, ba ka ganin karenka.

Da kaka, ɓeraye suna taruwa wurin dammuna, macizai suna bin ɓeraye.

Da ɗari da rani ake farauta, karnuka suna shiga ramu da kogunan dutse.

Wuraren da za a yi hattara da su: bakin tabki da mashaya, kwazazzabo, gindin duwatsu irin na Adar, tsohon suri mai ramu, kurmi mai duhu, juji, bayan mahauta, da duk inda aka yar da mushe.

4. ABIN DA KE KAI KARE GA HALAKA

In muka duba da kyau, naman daji ba ya cika zuwa neman kare har gida. Kare ne ke kai kansa. Abubuwa huɗu ke jawo haka.

Na farko, yunwa. Karen da ba a ba shi abinci zai fita da dare neman abin da zai ci. Inda zai samu kuwa, wato juji da mushe, nan ne kura ke cin nata.

Na biyu, bin gudu. Kare ya ga zomo ko dila, sai ya bi. Cikin minti kaɗan ya yi nisan da ba ya jin kira. A can shi kaɗai ne, ba mai taimakonsa. Wani lokaci kuma in ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa, wurin mai shi zai sheƙo, abin na biye da shi. In yaro ne mai kiwon, kun ga an jawo masa masifa.

Na uku, barbara. Sau ɗaya ko biyu a shekara karya takan nemi namiji, abin yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. A wannan lokaci karnuka maza suna ratsa daji da dare daga gari zuwa gari. Da yawa a nan suke ɓacewa, a nan kuma suke cizon juna.

Na huɗu, fita da wanda bai isa fita ba: kwikwiyo, da tsohon kare, da gurgu, da karya mai tsohon ciki. Naman daji yana zaɓen mai rauni ne.

5. RIGAKAFI YA FI MAGANI

A gida:

Ka ba karenka abinci kullum, musamman da marece. Sauran tuwo, da dusa da aka dama, da ɗan nono ko romo sun isa. Kare mai ƙoshi yana kwana gida.

Ka ajiye masa ruwa a kasko cikin inuwa.

Da dare ka sa shi cikin danga. Kada ka ɗaure shi a turke a fili bayan gida. Karen da aka ɗaure a fili ba ya iya gudu, ka ba kura ajiyar nama ke nan. Haka kuma karen da ke kwana gadin gona ko garka: a yi masa ƴar bukka mai shingen ƙaya, kamar yadda ake yi wa ƴan awaki.

Karya mai neman barbara a tsare ta cikin gida har abin ya wuce. Namijin da ba a bukatar irinsa, a kai wa likitan dabbobi ya fiɗiye shi. Yawonsa zai ragu.

Ka koya wa kare amsa kira tun yana ɗan wata 3 ko 4. Ka kira sunansa, in ya zo ka ba shi ɗan abin ci. Ka yi haka kullum. Kada ka kira shi sa'an nan ka doke shi, domin gobe ba zai zo ba. Karen da ke amsa kira, rabin tsaronsa ya samu.

A hanya:

Ka riƙe sanda, da igiya mai tsawon gaba biyu, da tocila in dare zai same ka.

In za ku ratsa wurin haɗari, ka sa masa igiya har ku wuce.

Ka sa baduku ya yi masa abin wuya na fata mai faɗi da kauri. Yana rage raunin cizo a maƙogwaro. In an rataya ƴar ƙararrawa, za ka riƙa jin inda yake cikin hatsi.

A wurin da aka san da kada, ka ɗebo ruwa a ƙwarya ka ba shi nesa da gaɓa.

Kada ka bar shi ya tura kai cikin rami.

Ka lura da halinsa. In ya tsaya cik, gashin bayansa ya tashi, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya lafe a jikinka, to ya ji abin da kai ba ka ji ba. Kada ka tilasta shi. Ku sake hanya.

A wurin kiwo, karnuka biyu sun fi ɗaya. Amma a sani: aikin kare shi ne haushi, ya tada mutane. Ba aikinsa ba ne ya yi kokawa da kura. Ko dogon karen nan na Azawak, wanda makiyayan arewacin Tawa ke ji da shi saboda gudunsa, bai fi kilo 25 ba.

6. IN KUN YI KICIƁIS DA NAMAN DAJI

Kada ka gudu. Gudu yana sa naman daji ya bi. Ka tara yara a bayanka. Ka kira kare ka riƙe shi. Ka tsaya a miƙe, ka ɗaga sanda, ka yi tsawa da babbar murya. In dare ne ka haska masa tocila a ido. Sa'an nan ku ja da baya sannu-sannu, kuna fuskantarsa. Ka bar masa hanyar wucewa. Yawancin namun daji suna tsoron mutum, hanyar gudu suke nema.

In faɗa ya riga ya kaure, kada ka sa hannu tsakani. Cikin zafin faɗa, karenka ma zai cije ka bai sani ba. Ka yi ihu, ka buga kwano, ka watsa ƙasa ko ruwa, ka yi jifa daga nesa. In damisa ce ko kada ko babbar kura, ka haƙura. Ana samun wani kare, ba a samun wani rai. Iyaye, ku faɗa wa yaranku masu kiwo wannan magana, ku kuma tabbatar musu ba za a doke su ba in sun komo ba kare. Tsoron duka yana sa yaro ya yi abin da zai halaka shi.

7. IN AN RAUNATA KARE

Ga abin da za a yi, bi da bi:

Ɗaya. Ka kori yara daga wurin. Ka sa hannunka cikin leda kafin ka taɓa shi, domin yawun abin da ya cije shi yana nan a jikinsa.

Biyu. Ka ɗaure masa baki da tsumma, ba da ƙarfi ƙwarai ba. In numfashi yana yi masa wuya, ko fuskarsa ta kumbura, kada a ɗaure.

Uku. In jini na zuba, ka danna tsumma mai tsabta a kai kamar minti 10.

Huɗu. Ka wanke raunin da ruwa mai yawa da sabulu. Bayan haka a riƙa wanke shi safe da marece da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

Biyar. Ka duba jikinsa duka. Cizon fiƙa ƙaramin rami yake bari a waje, amma ɓarnar tana ciki.

Shida. Ka kare raunin daga ƙudaje, don kada ya yi tsutsa.

Bakwai. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, ko ka kira shi, a ranar.

Abubuwan da ba a yi: ba a zuba baƙin mai, ko garin batir, ko maganin ƙwarin gona, ko kashin shanu a rauni. Ba a ɗinke ramin cizo a gida. Ba a ba kare ƙwayar ciwon kai ta mutane, domin wasu suna lalata masa hanta da ƙoda. In saran maciji ne, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A ɗauke shi a amalanke, kada ya yi tafiya da ƙafarsa. In gamsheƙa ta tofa masa a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon nan take.

8. BABBAN HAƊARI: HAUKAN KARE

Yanzu mun zo kan abin da ya fi komi muhimmanci. Rauni yana warkewa, haukan kare ba ya warkewa.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar rauni. Daga nan ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci kare ne ke sa wa kare. Amma dila da ƴanyawa da kura su ma suna kamuwa, suna kuma bazawa. Shanu, da jakuna, da raƙuma, da awaki, da tumaki duk suna mutuwa da shi in an cije su.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne jinkirinsa. Kare ya yi faɗa da dila, raunin ya warke, kowa ya manta. Bayan mako 2, ko wata 2, ko fiye, sai cutar ta tashi. Ga alamominta: halin kare ya sake; mai fara'a ya koma ɓuya, ko mai tsoro ya koma faɗa; yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gani; muryarsa ta dishe; yawu na dalala; ƙafafun baya su shanye. Da zarar alamomi sun bayyana, yawanci ba ya wuce kwana 10 a raye.

Akwai kuma irin wanda ba ya faɗa. Kare yana kwance shiru, baki a sake, ya kasa haɗiya. Sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakin. Kada a yi haka ko kusa, ko ga kare ko ga saniya.

Haka nan, in kuka ga dila ko ƴanyawa ta shigo gari da rana tsaka ba ta tsoron mutane, ku ɗauka mahaukaciya ce. Ku shigar da yara da karnuka gida, ku sanar da maigari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum dubu 59 ke mutuwa da wannan cuta kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Har kashi 99 cikin 100 daga cizon kare suke samunta. Wato hanyar cutar ke nan: daga daji ko daga karen wani gari zuwa karenka, daga karenka zuwa ɗanka.

Amma akwai rigakafi. Tun 1885 wani masani ɗan Faransa mai suna Luwi Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta, yaron da aka yi wa kuwa ya rayu. Yau akwai allura ta kare, akwai ta mutum.

Ta kare: a yi masa yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa kamar yadda likitan dabbobi ya ce, yawanci shekara-shekara. A adana takardar. In naman daji ya ciji karen da ke da allura, za a ƙara masa wata, a sa masa ido. In ba shi da ita, sai dai a tsare shi watanni, har zuwa 6, ko a kashe shi. Likitan dabbobi ne zai yanke. Kun ga allura guda tana iya fansar ran kare.

Ta mutum: wanda kare ko naman daji ya ciza, ya wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15. Sa'an nan ya tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar sau da yawa ake yin ta, a ranaku dabam-dabam. A cika su duka. Kada a tsaya ga ɗora gashin karen a kan rauni. Kada a jira a ga alama, domin in alama ta fito, magani ya ƙare.

Karen gida da ya ciji mutum, in da alamar lafiya gare shi, kada a yi saurin kashe shi. A tsare shi, a ba shi ci da sha, likitan dabbobi ya duba shi aƙalla kwana 10. Amma wanda aka ciza ba zai jira kwanakin nan ba. Ya fara allura tun ranar farko.

9. GUBA BA MAGANI BA CE

In kura ko dila sun dami gari, wasu sukan zuba guba a mushe. Wannan ɓarna ce. Guba ba ta zaɓe. Karnukan gari ne ke fara ci. Ungulaye su sauka su mutu da yawa a wuri guda. Ungulu kuwa ita ce ke share mana mushe kafin ya jawo kura, ga shi ta ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma. In ta ƙare, mushe zai daɗe a fili, masu cinsa da dare su ƙaru.

Abin da ya dace shi ne a binne mushe cikin rami mai zurfi ko a ƙone shi, a gyara shingen garke, a kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta tsara abin da aka yarda da wanda aka hana. Ba a shiga da karnukan farauta cikin dajin da hukuma ta keɓe, irin su gandun W, wanda aka kafa a 1954 mai faɗin hekta dubu 220, da Gadabeji ta ƙasar Dakwaro, da Tarmit.

Hanin yana da dalili na biyu. Kamar yadda naman daji ke sa wa kare cuta, haka kare ke sa masa. An ga misalin wannan a Gabashin Afirka: a 1994, a dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, wata cutar karnuka mai sa majina da farfaɗiya ta kashe zakuna kusan 1000. Raba kare da naman daji alheri ne ga duka biyun.

10. AIKIN GARI DUKA

Mutum ɗaya ba ya tsare gari. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura, cutar hauka takan rasa hanyar yaɗuwa. Mu yi lissafi. A ce garinku yana da karnuka 40. Kashi 70 cikin 100 na 40 shi ne 28. Ke nan sai an yi wa karnuka 28 ko fiye. In 10 kaɗai aka yi wa, gari bai tsira ba.

Ku da kuka iya karatu da rubutu, ga aikinku. Ku ɗauki littafi ku zaga gida-gida da izinin maigari. Ku rubuta sunan mai gida, da yawan karnukansa, da ranar allurar kowanne. Ku rubuta duk ranar da naman daji ya kama kare ko dabba, da wurin da abin ya faru. Bayan shekara guda littafin zai nuna muku wurare da watannin haɗari na garinku. Ku kai lissafin ga ma'aikatar kiwo, ku nemi a sa muku ranar allura. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya. Lokaci ne mai kyau na tuna wa jama'a.

ABIN TUNAWA

Ciyar da karenka, ya kwana gida.
Koya masa amsa kira.
Sa masa igiya a wurin haɗari.
Binne mushe, kada ka zuba guba.
Kada ka sa hannu cikin faɗan dabbobi.
Yi masa allura tun yana ɗan wata 3.
Wanda aka ciza: ruwa da sabulu minti 15, sa'an nan gidan likita a ranar.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne namun daji ne suka rage a karkararku? A ina suke kwana?
2. Faɗi abubuwa huɗu da ke kai kare wurin naman daji.
3. Don me ba a ɗaure kare a fili da dare?
4. Dila ya ciji karenka, raunin ƙarami ne. Me za ka yi a ranar? Me za ka lura da shi bayan haka?
5. Gari yana da karnuka 60. Nawa ne za a yi wa allura don a kai kashi 70 cikin 100?
6. A ina ake yar da mushe a garinku? Wa zai ɗauki nauyin binne shi?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da maharba da makiyaya da yara masu kiwo, domin su ne suka fi sanin daji. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dukiyarmu.